Tsohon jirgin yaƙi tsakanin jirage masu saukar ungulu: me ake nufi da shi, kuma ina namu?



Kwanakin baya wani ɗan bidiyo ya yi ta yawo cikin wayoyin mutane, har anka turo mana shi nan gidan rediyo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A ciki ana ganin wani tsohon jirgin sama mai farfela biyu yana tafe gaba, jirage masu saukar ungulu guda biyu sun sa shi tsakiya, ɗaya dama ɗaya hagu. Can kuma sai ga waɗansu sun gitta da tuta mai ruwan goro da fari da tsanwa tana lilo ƙarƙashinsu. Wasu sunka ce ai Nijar ce ta sayo sababbin jirage. Wani ɗan uwa ma daga Abijan ya bugo waya hankali tashe, shina tambaya ko lafiya gida.

Lafiya lau. Bidiyon ba na Nijar ba ne, kuma ba na yaƙi ba ne, faretin ƙasar Indiya ne. Tutarsu da tamu kamar Hassan da Husaini suke, launi uku ne jere iri ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Bambancin yana tsakiya. Tamu tana da dunƙulen rana mai ruwan goro, tasu kuwa wata shuɗiyar ƙafa ce kamar ta keke mai tsinke 24. A ƙaramin gilashin waya ba kowa ke lura ba.

Amma da munka tsaya munka duba da kyau, sai munka ga maganar ta wuce amsar minti biyu a iska. Domin irin jiragen nan da ke cikin bidiyon, da tsohon da masu yi mishi rakiya, dukansu sun yi aiki ƙarƙashin tutar Nijar, sai dai ba zamani ɗaya ba. Shi ya sa munka rubuta wanga bayani mu ajiye nan, don wanda ya bukata ya komo ya karanta.

Abin da ke cikin bidiyon

Ranar 26 ga Janairu ta kowace shekara Indiya ke bikin zama jamhuriya, kamar yadda mu ke yin namu 18 ga Disamba. A bikin 2021, birnin Delhi, sojan samansu sun tashi wani tsohon jirgi da ake kira Dakota, jirage masu saukar ungulu samfurin Mi-17 guda biyu na gefensa. Sun yi haka ne don tuna yaƙin 1971 wanda ya haifi ƙasar Bangaladash, lokacin da irin wanga jirgi ya yi ta ɗaukar sojojin lema yana zubawa bayan abokan gaba. Shi kansa jirgin da ya tashi ranar nan, tarkace ne anka saye, anka kwashe shekaru ana gyara shi a Ingila. Wani ɗan majalisar Indiya, Rajeev Chandrasekhar, wanda mahaifinsa tsohon matuƙin Dakota ne, shi ya biya kuɗin, ya kuma ba rundunar kyauta a 2018.

Dakota suna ne da Turawan Ingila sunka raɗa mishi. A Amurka anka ƙera shi, kamfanin Douglas. Na ɗaukar fasinja sunansa DC-3, ya fara tashi ranar 17 ga Disamba 1935. Na soja kuma C-47, an yi fiye da 10,000 lokacin yaƙin duniya na biyu. Inji biyu gare shi, kowane da ƙarfin doki 1,200, faɗin fukafukansa mita 29, yana ɗaukar soja 28 da kayansu. In yana tsaye ƙasa hancinsa na kallon sama, wutsiyarsa na zaune bisa wata ƙaramar ƙafa, kamar rago ya ɗaga kai. Ba jirgin harbi ba ne, jakin soja ne, kaya da mutane ya sani. Abin da ya sa anka so shi ko'ina shi ne ba ya zaɓen wurin sauka. Fili mai tsakuwa, jan ƙasa, ciyawa, duk ɗaya ne gare shi.

Ba Indiya kaɗai ke wannan al'ada ba. Ingila ta fi kowa suna a kai. Tun 1957 rundunar samansu ta ware wani sashe da aikinsa kawai riƙon jiragen yaƙin duniya na biyu su ci gaba da tashi. Suna da Spitfire da Hurricane, ƙananan jiragen faɗa masu mutum ɗaya, suna da Dakota, suna kuma da wani ƙaton mai jefa bam da ake kira Lancaster. Irinsa 7,377 anka ƙera, yau biyu tak sunka rage masu tashi, ɗaya Ingila ɗaya Kanada. Ranar 10 ga Yuli 2018, da rundunar ta cika shekara 100, jirage kusan 100 sunka gitta bisa fadar sarauniya a Landan. Masu saukar ungulu samfurin Puma da Chinook sunka buɗe hanya, tsofaffin na biye, masu gudun tsiya na can baya.

To me ya sa sai masu saukar ungulu?

Nan ne ainihin maganar, kuma ba ta da wuyar ganewa. Duk wanda ya taɓa tafiya ƙasa da tsoho ya san ba kowane yaro ake haɗa shi da shi ba. Akwai mai saurin da ko ya so ba ya iya rage tafiya.

Jirgi mai fukafuki, iskar da ke bi ta fukafukansa ita ke riƙe shi sama. In gudunsa ya ragu ya kai wani haddi, sai iskar ta sake shi ya faɗo. Kowane jirgi da nasa haddi. Dakota fukafukansa manya ne, miƙaƙƙu, yana iya rage gudu har wajen kilomita 110 a awa bai faɗi ba, tafiyarsa ta yau da kullum kuwa wajen 260 ce zuwa 280. Jirgin yaƙi na zamani mai injin jet ba haka yake ba. An yi shi don gudu, fukafukansa gajeru ne, ko saukowa za shi yi sai yana wajen 250. In ka ce ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Dakota, ka sa shi bakin rami ke nan. Yana iyawa na ɗan lokaci, hanci sama, matuƙi na gumi, amma ba tafiyar daɗi ba ce.

Mai saukar ungulu kuwa matsalarsa ta juye. Shi rage gudu ba ya damunsa, yana iya tsayawa cik wuri ɗaya ya sauko tsaye, abin da ya sa Bahaushe ya ba shi wanga suna ke nan. Gudun ne ba ya iyawa. Ku ɗauka fanka ce anka ɗaure bisa babur ana gudu da ita. Ko da yaushe fiffike ɗaya na tafiya gaba yana karo da iska, ɗan uwansa na ɗaya gefen yana komawa baya, iska na binsa. Na Mi-17 guda biyar ne, faɗin da'irarsu mita 21, bakin kowane na juyawa da gudun kusan kilomita 770 a awa. In jirgin na tafiya da 250, fiffiken da ke zuwa gaba ya haye 1,000 ke nan, ya fara kusantar gudun sauti inda iska ke zama kamar bango. Wanda ke komawa baya kuma ya sauko wajen 500, ƙarfin ɗagawarsa ya ragu. A ƙara gudu kaɗan, gefe ɗaya ya ɗaga gefe ɗaya ya saki, jirgin ya nemi kifewa. Shi ya sa Mi-17 ba ya wuce wajen 250, Chinook mai farfela biyu wajen 300. Wanda ya kafa tarihin gudu cikin masu saukar ungulu na asali, wani Lynx na Ingila a 1986, da ƙyar ya haye 400.

Kun ga inda sunka haɗu. Tsoho na iya saukowa 200 ko 220 ba tare da wahala ba, mai saukar ungulu na iya hawa nan shi ma hankali kwance. A wanga gudu, daga Ƙonni zuwa Malbaza tafiyar kamar minti 10 ce. Jirgin yaƙi irin Sukhoi kuwa minti 3 ya ishe shi. Saboda haka in anka ce za a yi babban fareti mai jirage iri-iri, ba tare suke tasowa ba. Ana lissafa wa kowane rukuni lokacinsa da daƙiƙa, masu nawa su riga gaba, masu sauri su taso daga baya, yadda za su iso bisa filin biki ɗaya na bin ɗaya. Mai kallo daga ƙasa sai ya ga kamar sahu ɗaya ne.

Siffar jerin da anka fi yi ita ce ta dinya in suna ƙaura: ɗaya gaba, saura gefe-gefe suna ɗan ja baya. Na gaba shi ke kallon hanya da agogo. Na gefe ba ruwansa da hanya, idonsa na bisa jirgin jagora kawai, ya zaɓi wata alama jikinsa ya riƙe ta kada ta matsa.

Ba wasa ba ne

Mi-17 cike da kaya yana kai tan 13, wato buhun siminti 260. Abin da ke riƙe wanga nauyi sama shi ne iskar da farfelarsa ke turawa ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da inda irinsa ke sauka ya ga yadda zana da rumfa ke tashi. Ƙaramin tsohon jirgi in ya faɗa cikin wagga iska tana iya juya shi kamar ganye. Don haka ba a sa tsoho ƙarƙashin mai saukar ungulu ko daf da bayansa. Gaba ake sa shi, ko gefe da tazara. Wasu tsofaffin injina kuma in anka daɗe ana jan su a hankali zafi suke yi, tunda iskar gudu ce ke sanyaya su.

Ko da duk wannan kiyayewa ana rasa rayuka. Ranar 12 ga Nuwamba 2022, birnin Dallas na Amurka, tsofaffin jirage biyu sunka yi karo gaban ƴan kallo, mutum 6 sunka mutu. A watan Mayu 2024 wani Spitfire na wancan sashe na Ingila ya faɗi jim kaɗan da tashi, matuƙinsa ya rasu, anka dakatar da tashin ƴan uwansa na wani lokaci.

Wani abin da ya ba mu dariya da muna bincike shi ne kalmar "na zamani". Mi-8, uban Mi-17, ya fara tashi ne a 1961. Chinook ma 1961. Wato in mutane ne, sun isa aurar da jikoki. Injina da na'urorin ciki ne ake ta sabuntawa, gangar jikin tana nan yadda anka zana ta. Tsakanin Dakota da masu yi mishi rakiya shekara 26 ce kawai, uba ne da ɗiyansa.

Sun taɓa bi ta samanmu

Kada wani ya ɗauka waɗanga tsofaffin jirage labarin Turai ne kaɗai. Ƙasar Hausa ta gan su tun suna sababbi.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila, masu fukafuki biyu hawa-hawa, sunka sauka Kano daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Su ne ake lissafawa jiragen farko da sunka sauka Najeriya. Faransa ma ba ta zauna ba. A watan Nuwamba 1933 Janar Joseph Vuillemin ya taso daga Faransa da jirage 28 samfurin Potez 25, na katako da zane, sunka ƙetare Sahara sunka zagaya ƙasashen da ta mallaka, tafiyar fiye da kilomita 20,000. Cikin zangonsu akwai Yamai, daga nan sai Damagaram, sannan Fort-Lamy wadda ake kira Njamena yau. Duk wanda ya ɗora tsinke bisa taswira daga Yamai zuwa Damagaram zai ga ya bi ta kan ƙasar Ƙonni. Ba yaƙi ya kawo su ba. Nuna ƙarfi ne, a gwada wa talakawan mulkin mallaka da sauran Turawa cewa Faransa na iya kai jirgi duk inda ta so. Faretin sama tun asali saƙo ne ake aikewa da shi, ba ado kawai ba.

Babban lamari ya zo a 1940. Yaƙin duniya na biyu ya rufe wa Ingila hanyar Bahar Rum, alhali tana bukatar jirage a Masar. Sai ta riƙa kawo su cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, ƙasar Gana ta yau, inda ƴan uwanmu da yawa ke zaune yanzu. Nan ake harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ƙetare Cadi zuwa El Fasher da Khartum, su bi kogin Nilu har Alƙahira. Kusan kilomita 6,000, tafiyar kamar kwana shida. An fara a watan Satumba 1940, kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wagga hanya.

Yadda suke tafiyar shi ne abin lura. Ƙaramin jirgin faɗa irin Hurricane mutum ɗaya ke ciki, ba mai duba mishi taswira. Sai a sa wani babba mai inji biyu da ake kira Blenheim, mai ɗauke da masanin hanya da mai rediyo, ya shiga gaba, ƙananan kamar shida na biye da shi. Ayari ne sosai da madugunsa, irin na fataken da. Wanda ya ɓace wa ayari cikin hazon hunturu, sai Allah. Hurricane ɗin da ake tafa wa hannu yau a Landan, irinsa ne mutanen Kano sunka riƙa gani yana sauka shan mai. Mu nan a lokacin muna ɗaya gefen iyaka. Cadi ƙarƙashin gwamna Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle tun watan Agusta 1940, shi ya sa hanyar ta buɗe ta can. Nijar kuwa ta zauna hannun gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942, ba ta ga maciji da Ingilishin da ke Sakkwato. Don haka ayarin ta kudu da mu ya bi.

Namu jiragen

Bayan samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, an kafa rundunar sojan Nijar a 1961, tare da wani ƙaramin sashen jiragen sama. Da me ya fara? Da Dakota, wanda Faransa ta bayar, da wani ƙarami mai inji ɗaya da ake kira Broussard, mai ɗaukar mutum kamar shida, wanda anka yi musamman don sauka daji. Daga baya anka samo Noratlas daga Jamus ta Yamma, wani mai ƙaton ciki da wutsiya biyu, wanda ya taɓa ganinsa ba ya mantawa. A ƙasa mai faɗin tamu, lokacin da kwalta ba ta kai ko'ina ba, su ne ke kai soja da albashi da magani Agadas, Dirku, Ngigmi, su ɗauko marar lafiya. Ba jirgin faɗa ko ɗaya cikinsu.

A 1979 anka sayo Hercules C-130 guda biyu, masu inji huɗu. Dattawa sun riga sun san irinsa tun yunwar 1973, lokacin da na sojan ƙasashe irin su Beljiyam da Kanada sunka yi ta jigilar hatsi zuwa arewa. Ɗaya daga cikin namu biyun ya faɗi kusa da Yamai a watan Afrilu 1997, anka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. Sashen ya canza suna a 1989, sannan a 2003 ya zama cikakkiyar rundunar sojan sama. Babban sansaninta shi ne na 101 da ke jikin filin jirgin Diori Hamani na Yamai, akwai kuma na 201 a Agadas.

Masu saukar ungulu na yaƙi sun shigo ne da rikicin arewa na 2007 zuwa 2009, wato Mi-17 na ɗaukar soja da Mi-35 na kai hari. A 2013 anka ƙaro Sukhoi Su-25 guda biyu daga Yukren da ƙananan masu saukar ungulu samfurin Gazelle guda uku daga Faransa. Amurka ta ba da Cessna Caravan, ta kuma miƙa wani C-130 a watan Janairu 2021. A 2022 jirage marasa matuƙi na Turkiyya, Bayraktar TB2, sunka iso. A bukukuwan 18 ga Disamba da anka riƙa zagayawa da su jaha-jaha, kamar wanda Tawa ta karɓa a 2017 da sunan Tawa Sakola, nan ne talaka ya riƙa ganin kayan sojan ƙasarsa da rana tsaka ba don wani abu ya ɓaci ba.

To ga Dakota a farkon labarinmu, ga Mi-17 a ƙarshensa. Abin da Indiya ta jera sama ranar nan, tarihin rundunarmu ne daidai wa daida. Sai dai namu ba su taɓa haɗuwa ba. Kafin na biyun ya zo, na farkon ya daɗe da barin aiki.

Me ya hana mu riƙe ko ɗaya?

Kuɗi, gaskiya. Dakota na shan wajen lita 350 zuwa 400 a awa guda, kusan duro biyu. Kuma ba irin man da jiragen yanzu ke sha ba ne. Su dangin kananzir suke sha, wanda ake samu kowane babban filin jirgi. Tsohon inji mai fistin kuwa sai wani fetur na musamman, mai wuyar samu a Afirka ta Yamma, mai tsada. Ga kayan gyara da anka daina ƙerawa tun tuni. Ga makanikin da ya san injin mai silinda 14 jere kamar da'ira, wanda in ya tsufa bai koya wa kowa ba, sanin ya tafi da shi. Ƙasashen da ba su iya rabuwa da Dakota ba, irin su Mali da Muritaniya, sun karɓi wanda anka cire wa tsohon inji anka sa mishi na zamani, ana kiransa Basler BT-67. Wannan aiki ne yake yi, ba tarihi ake ajiyewa ba.

A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta yi fice, gidan tarihin sojan samanta da ke Swartkop kusa da Pretoria yana da tsofaffin jirage masu tashi, har da tsofaffin masu saukar ungulu. Najeriya ta tara jiragen yaƙin Biyafara a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, amma ƙasa suke, kallo kawai. A Faransa wata ƙungiyar masu sa kai a Marseille na riƙe da Noratlas ɗaya da ke tashi har yanzu. Ƴan uwa da ke wajen Paris kuma suna iya zuwa La Ferté-Alais, inda ake taron tsofaffin jirage duk shekara, su ga irin waɗanda sunka yi aiki gida.

Mu dai a namu gani, ba mai hankalin da zai ce a ɗauki kuɗin man sintiri a zuba wa jirgin biki a halin da ake ciki. Iyalan da ke kwana da fargaba a wasu sassan jahar Tawa sun fi bukatar jirgin da zai zo in an kira. Amma tsakanin tashi da jirgi da mantawa da shi akwai wuri mai faɗi. Ƙasar da ta ɗauko gawar itacen Tenere ta gina mata rumfa a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ta san darajar ajiya. Hoto, takardar aiki, muryar tsohon makaniki ko sojan lema yana ba da labari da bakinsa, waɗannan ba su shan ko lita ɗaya.

In kun ga jirgi, ko an turo muku bidiyo

Dakota ko Spitfire ba za su gitta bisa gonarku ba. Abin da kan bi ta samanmu ga kamanninsa. Mi-17 mai ƙiba ne, da tagogi zagayayyu jere a gefe. Mi-35 siriri ne, gabansa da ƙoƙon gilashi biyu ɗaya bayan ɗaya, da ƴan gajerun fukafukai. Gazelle ƙarami ne, farfelar wutsiyarsa cikin zobe take. Hercules farfela huɗu, fukafukai bisa gadon bayansa, rugugi mai nauyi. Sukhoi kafin ka ɗaga kai ya wuce, ƙara ce ke biyo baya. Maras matuƙi can sama yake, sau da yawa ƙugi kawai ake ji kamar na janareto daga nesa. Ba kuma kowane ƙaramin jirgi ne na soja ba. Mutanen Galmi sun daɗe da sanin wanda ke sauka don aikin likita, manoma kuma sun san na feshin fara, kamar a shekarar 2004.

Game da bidiyo, a duba tuta da kyau: ta Indiya mun faɗi, ta Kodibuwa kuma launukan tsaye suke ba kwance ba. A duba lambar jikin jirgi in ana ganinta, ta Nijar da 5U take farawa, ta Najeriya ta farar hula da 5N. A duba gine-gine da itatuwa da tufafin ƴan kallo, a saurari harshen mai bayani. In tsohon jirgi ne mai walƙiya tsakanin masu saukar ungulu, ga jama'a zaune bisa kujeru suna tafi, to biki ne. Sannan muna roƙon matasa kada a riƙa ɗaukar hoton jiragen soja ko inda sunka sauka ana watsawa, yana iya jawo wa mutum tambayoyi, yana kuma iya cutar da masu aiki.

Akwai dattawa a Dogarawa, Gidan Idar, Tsarnawa, Badagishiri, Tajaye da sauran garuruwanmu da sunka yi soja zamanin Diori da Kunce, wasu sun hau Dakota ko Noratlas, wasu sun yi tsalle da lema daga cikinsu. Wanda ke da irin wanga dattijo gida, ko wani tsohon hoto cikin adaka, ya sanar da wakilinmu na garinsu ko ya biyo gidan rediyo ranar kasuwa. Za mu zo da na'urar ɗaukar murya, hoton kuma mu ɗauki kwafinsa mu mayar wa mai shi nan take.